Tuntuɓe da Ƙafar Hagu

Jiya a masana'antarmu wani injiniya ɗan Ireland ya ƙi fita ta ƙofar baya. Wai a ƙasarsu ta inda baƙo ya shigo ta nan yake fita, kada ya kwashe sa'ar gida. Na yi dariya, sai kuma Kaka ta faɗo mini a rai.

Ranar da na fara fita neman aiki, na yi tuntuɓe da ƙafar hagu a ƙofar gidanmu a unguwar Hindawiyya. Ummi ta ce in koma ciki, fitar ba sa'a. Kaka na dakan hel, ƙwayoyin nan da ake sa wa gahawa, ƙamshi ya cika ɗakin. Ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Maigidana, tuntuɓe gushin gaba ne. Yalla, yi bisimilla ka wuce!"

Ban samu aikin ba ranar. Kullum sai ta sake koro ni, har na dace.

Gobe zan tunkari kafilina, wanda ya tsaya mini a ƙasar nan, kan iƙamata, takardar izinin zama, da ya ƙi sabuntawa. Ko da ƙafa biyu na yi tuntuɓe, sai na shiga.

Allah Ya haskaka makwancinki, Kaka, Ya ƙetarar da ke Siraɗi ba tuntuɓe.