Inuwa a Gidan Aro

Duk wanda ya tsaya sayen dashe a wurin Malam Audi, can bakin titin da ya fita daga Daura ya nufi Baure, sai ya amsa tambaya kafin a miƙa masa ko leda ɗaya: gidan nasa ne, ko zama aka ba shi? Wasu su yi dariya, wasu su ji haushi su ja babur su yi gaba. Audi ko a jikinsa. In ka ce naka ne, sai ya kai ka layin itatuwa ya nuna maka wanda ya fi ji da shi, itacen adon nan mai rassa hawa-hawa da masu lambu ke ce wa ambarela. In ka ce haya kake ko aro, sai ya juya da kai wajen fulawar nan mai ƙaya, mai jan fure marar kauri kamar takarda, ya ce ita ce daidai da kai.

Yana da hujjojinsa, na kuwa ji su har na haddace, don katangarmu ɗaya da shi shekara da shekaru. Fulawa, in ji shi, ba ta da dogon buri. Ka yanko reshe ka soka a leda, ta kama. Ta fi zuba fure lokacin da aka rage mata ruwa, akuya ma sai ta yi shawara kafin ta kai mata baki, ranar da aka ce ka tashi kuma sai ka datse ta ka tafi da rassanta. Inuwarta dai ba ta wuce ta kaza ba. Ambarela kuwa sai an yi masa reno, a kewaye shi da ƙaya saboda dabbobi, a yi ta sharar ganye, ga saiwarsa da neman ruwa, in ka sa shi kusa da masai ko rijiya sai ta je ta fasa. Amma in ya tashi, tsakar gida ta samu mazauni. Abin da bai cika faɗa ba, don kowa a ƙasar nan ya san shi, shi ne wanda aka ba aron wuri ba ya dasa itace. Ka shuka gero, ka shuka kuɓewa, ka yi lalle jikin danga, ba mai ce maka kanzil. Ranar da ka haƙa rami ka sa itace, ka ce wurin naka ne, kuma haka za a ɗauke shi a gaban mai unguwa.

Audi mutumin garin Babban Mutum ne. Ya shigo Daura yana saurayi, shekarar da damina ta yi gardama, ya kama ban ruwa a lambun wani falken dabbobi, Alhaji Sha'aban. Alhajin ya ga hankalinsa, ya yanka masa gefen gonarsa da ke bayan gari ya ce ya zauna har illa ma sha Allahu. Da baki aka yi maganar, waɗanda suka ji ta duk sun riga mu gidan gaskiya. Nan ya gina ɗakuna biyu na ƙasa, nan aka kawo masa matarsa Laraba, nan suka aurar da 'ya'yansu mata. Itatuwan da ya dasa wa mutane a makarantu da ƙofofin masallatai da maƙabartu ba su ƙirguwa. Tsakar gidansa kuwa fayau take kamar tafin hannu, in ban da jar fulawa da ta haye katangar da ke tsakaninmu.

Da bazara in rana ta take, ina jin Laraba tana mita a ƙarƙashin 'yar rumfar zanarta, tana cewa wannan shi ne ga ƙoshi ga kwanan yunwa. Ban ga laifinta ba. Abin da Audi ya iya yi mata shi ne ya kawo ambarela ɗaya ya sa a rabin duro. Duk mako sai ya ja duron ya canza masa wuri, don kada saiwa ta bi hujin gindi ta kama ƙasa. Ƙarar jan duron nan ta zame mana kamar kiran kasuwa. Itacen ya tsaya iya tsawon mutum, bai mutu ba, bai yi gaba ba.

Sai Alhaji Sha'aban ya rasu. Daidai lokacin gari ya fara kumbura, an kawo manyan makarantu, fili ya yi daraja. Gonar da muke jin kukan kurciya a cikinta aka yanka ta gida-gida, aka kafa turakun siminti. Yau ka ga an juye yashi can nesa, gobe ka ga an juye kusa. Mahdi, babban ɗan marigayin da ke zaune a Kano, ya fara biyowa ta layinmu da mota a hankali. Bai taɓa wucewa bai sauko ya durƙusa ya gai da Audi ba. Ni ladabin ne ma ya fi ba ni tsoro, don yana gaisuwa idonsa yana auna katanga.

Na ce wa Audi ya je ya same shi a san matsaya. Laraba ma ta faɗa, har da kuka. Ya ce ba a tambayar mai kaya yaushe zai karɓi kayansa, tuna masa ne. Ya ci gaba da jan duronsa.

Wata safiya bayan ruwan fari, Mahdi ya yi sallama tare da mai unguwa da wasu dattawa biyu. Aka ce in shigo in zama dattijo na uku mai shaida, na shiga. Bayan an gaisa, Mahdi ya zagaya tsakar gidan, ya taɓa furen fulawar, ya tsaya kan duron.

"Baba Audi, kai ne masani. Tsakar gidan nan, wanne ya fi dacewa da ita, wannan itacen ko fulawar can?"

Na ga bakin Audi ya motsa. Tambayar da ya saba yi wa kowa ce ta zo masa, ta maƙale. Sai ya faɗi gaskiya, ya ce itacen, muddin an nisanta shi da masai. Mahdi ya ce to a dasa shi yau. Daga bayan labule na ji Laraba ta yi hamdala, ta zaci izini aka ba su. Audi ma ina jin haka ya zata, don jikinsa na rawa ya ɗauko diga. Mahdi ya tuɓe babbar rigarsa ya miƙa wa ɗaya daga cikin dattawan, ya kama ƙotar digar.

"Bari, Baba. Da hannuna zan sa."

Audi ya sakar masa digar. Mutumin da bai saba da aikin ƙarfi ba ya haƙa ramin nan yana haki, ya fasa duron, ya sa itacen, ya tattake ƙasa da takalminsa mai tsada. Mai unguwa yana tsaye yana kallo, abin da aka kawo shi yi ke nan. Da Mahdi ya wanke hannu sai ya sake durƙusawa.

"Ka riƙa ba shi ruwa, Baba Audi, na bar maka amanarsa. Ba na son in yi gini a rana. In ya yi inuwa sai mu zauna mu yi magana."

Ranar na yi fushin da na daɗe ban yi ba. Na ce wa Audi ya zuba masa gishiri a gindi, ko ruwan zafi, a ce gara ce ta ci shi. Har yau ban ga aibin shawarata ba. Laraba ta ce ko gishirin ma a bari, ya dai hana shi ruwa rani ɗaya. Ya fi mu sanin hanyoyin da ake tsugunar da itace ba tare da an kashe shi ba, shi da ya shekara nawa yana yi. Ya dube mu kamar mun ce ya shaƙe jariri, ya ce amana aka ba shi, shi kuma itacen bai san gidan wa yake ba.

Da ma itacen a matse yake. Yana jin saiwarsa a ƙasa ya zabura. Kafin kaka ya wuce katanga, ya fitar da hawa na biyu, damina ta zagayo ya fitar da na uku. Kullum da safe ina jin saukar ruwa a gindinsa, ina jin Laraba ta ja ƙofa da ƙarfi. Audi ya rame. A bakin titi ya daina yi wa mutane tambayarsa, abin da ka nuna shi zai ba ka. Da yamma kuma sai ya zauna ya yi ta yanko rassan fulawar yana sokawa a ledoji, yana jera su jikin zaure, na tambaye shi na sayarwa ne ya ce a'a.

Bana da bazara inuwar ta kai ƙofar ɗakin Laraba. Inuwa ce mai sanyi, irin wadda ta yi rabin rayuwarta tana roƙo. Shekaranjiya motar yashi ta juye kaya a ƙofar gidan, har ta toshe rabin hanyar zaure. Da na leƙa da azahar in yi musu jaje, na tarar da Laraba ta ja murhunta can ƙuryar da itacen bai kai ba, tana tuƙa tuwo cikin rana, ta ba shi baya.