Rijiyar Baffa

Har yau in na ji guga ya faɗa rijiya, sai in tuna da rijiyar Baffa. Ka yi haƙuri, mai karatu, abin ya daɗe amma bai huce ba.

A gidanmu na unguwar Sarkin Dawaki muna da rijiya wadda rabin unguwa ke sha. Baffa, yayan mahaifinmu, shi ne babban gida, kuma da rijiyar nan yake tinƙaho. Ruwanta sanyi ƙalau ko a tsakiyar bazara.

Wata damina amai da gudawa suka shigo unguwa. Yayata tana ajin ƙarshe a sakandare, ga kai ga rawar kai. Ta tara samari da 'yan mata, na masallaci da na coci, suna yashe kwata suna bi gida gida da maganin ruwa. Ran nan ta aro madubin ganin ƙwayoyin cuta daga makarantarsu, ta kafa a ƙofar gida, ta ɗiga ruwan rijiyarmu. Ni na fara leƙawa. Wasu abubuwa na gani suna ta wutsil-wutsil, na ja da baya.

Kuskurenta ɗaya: ba ta fara shiga wurin Baffa ta durƙusa ta gaya masa a keɓe ba. A bakin maƙwabta ya ji, yana dawowa daga Kasuwar Jalingo.

"Rijiya da babana ya tona, yarinya ne zai ce yana da ciwo?" Iyakar abin da ya ce ke nan. Ya hana a zuba magani, ya hana ƙungiyar taruwa a ƙofarsa. Iyayenmu duk suka sunkuyar da kai.

Kafin a cire gyaɗa muka binne autan goggonmu, amai da gudawan suka tafi da shi. A zaman makoki na ji mata suna raɗa wai bakin yayata ne ya kama yaron, tunda ita ta fara ambaton ciwo. Tana tsaye da tiren abinci, ta ji komai. Wannan ne ban yafe ba.

Yanzu an rufe rijiyar, an haƙa burtsatse. Matasa kan zo da riguna iri ɗaya su yi bayanin tsabtar ruwa, a ajiye wa Baffa kujera a sahun gaba, ya sa musu albarka. Yayata kuwa, wadda ta so zama malamar kimiyya, ɗinki take yi a Yelwa. Kwanaki 'yarta ta ce za ta shiga irin wannan ƙungiya. Ko kai ba ta ɗaga daga kan keken ba, ta ce mata ta yi zamanta a gida.