Halliru da Sunkuyon Hauya

Halliru ɗan Malam Labbo ne na Rawayya, kuma duk wanda ya san shi ya san ba ya zama wuri ɗaya. In yana cin tuwo ƙafarsa na kaɗawa, in ana hira shi yana tsaye. Ya yi noma, ya yi kabu-kabu, ya taɓa sayar da rake a Tsafe, kafin ya tsaya a dakon buhuna a kasuwar Gusau.

Abin da ke hana shi sukuni shi ne bayan mahaifinsa. Malam Labbo ya ƙarar da ƙuruciyarsa sunkuye a kan hauya, har bayan ya lanƙwashe ya ƙi miƙewa. In zai dubi fuskar mutum sai ya karkato wuya. Halliru ya yi wa kansa alkawarin ba zai ƙare haka ba. Shi ya sa ya shiga 'yan ɗaga ƙarfe a unguwar Damba, a wani kango inda Yahaya, tsohon ɗan kokawa, ya daskarar da siminti a bokitan fenti, ya soka musu sandar ƙarfe.

Wajen ɗago nauyi daga ƙasa zuwa ƙugu, babu wanda ya kai Halliru. Sai dai yakan tsaya nesa da sandar, ƙafafu a miƙe, baya ya yi doro, sannan ya fizgo. Tsayuwar noma ce sak, wadda ya koya tun bai kai tsawon ƙotar hauya ba.

"Kai mutumin Rawayya," in ji Yahaya, "huɗa kake ko ɗaga ƙarfe?"

"Ya tashi ko bai tashi ba, Maigida?"

"Ya tashi. Wata rana kai ne ba ka tashi."

Halliru ya yi dariya, ya ƙara nauyi.

Ranar da Yahaya ya faɗa ta same shi a sahun sallar azahar. Ya yi ruku'u, sai wani abu kamar harbin kunama ya soke shi a ƙugu ya gangara cinya. Sai da ya dafa gwiwoyi ya tura kansa sama a hankali. Nan take ya gane inda ya san wannan tashin. Haka mahaifinsa ke ɗagowa.

Kwanakin da ya yi ba dako ba ƙarfe sun fi ciwon damunsa. Ya kwanta ya tashi, ya fita ƙofar gida ya dawo, yana shafa bayansa ko zai ji ya fara lanƙwasa. Da ciwon ya lafa, ya koma kangon Damba ya tsaya wuri ɗaya, abin da ba a taɓa gani ba.

Yahaya ya leƙa maƙwabta ya aro taɓarya wurin Hafsat mai waina. Ya jingina ta a bayan Halliru, ta taɓa ƙeya, ta taɓa tsakanin kafaɗu, ta taɓa ƙarshen ƙugu.

"Riƙe ta haka ka sunkuya. In ta rabu da ƙeyarka, ka koma gona."

Ashiru, abokin dakonsa, ya ƙyalƙyale. "Yau daka za a yi? A kawo gero!"

Taɓaryar ta yi ta rabuwa da ƙeya. Jikin ya riga ya san hanyarsa. Yahaya ya ce ya tura ɗuwawu baya kamar zai rufe ƙyaure da su, ya ɗan karya gwiwa. Daga nan ya jawo masa bokitan da sababbin shiga ke ɗagawa, ya ɗora su a kan bulo don kada sandar ta yi ƙasa da yawa.

"Matso har ta taɓa ƙwaurinka. Cika ciki da iska ka ɗaure. Ƙirji sama. Kar ka fizga. Tura ƙasa da diddige."

Kunya ta kama Halliru. Shi da ake taruwa kallo, ga shi da kayan yara. Sau da yawa ya nufi manyan bokitan, ya tuna ruku'un nan, ya juyo. Makonni ya kwashe a haka, ƙwaurinsa duk goguwar sanda, har wata rana ya miƙe da nauyi ya ji aikin a cinyoyinsa, ƙugun kuwa shiru.

Da kaka ya je Rawayya kwasar dawa. Ya matsa jikin buhu har ya taɓa ƙafarsa, ya tura ƙugu baya, ya ɗan rusuna, ya ja numfashi.

Malam Labbo ya karkato wuya daga gindin rumbu. "Mi ne ne wanga? Gaishe da buhun kake?"

"Bayana nake tattali, Baba."

Buhun ya hau kafaɗa. Tsohon ya bi shi da kallo har ƙofar rumbu, yana duban bayan nan a miƙe. Da Halliru ya dawo ɗaukar wani, gaggawarsa ta motsa, ya miƙa hannu daga nesa.

"Kai!" in ji Malam Labbo, yana buga sandarsa a ƙasa. "Matso kusa. Gaishe shi tukuna."