Wakilcin Ranar Asabar: Rayuwar Malam Saminu Gado Katuru

Haihuwa da karatu

An haifi Malam Saminu a shekarar 1956 a Katuru, cikin ƙasar Shinkafi. Mahaifinsa Gado manomin gero ne, mahaifiyarsa kuwa sunanta Kyauta. Shi ne na biyu, yana bin yayansa Tsoho, wanda bai taɓa taka ƙofar aji ba amma har yau ba a yi ɗan bokon da ya kada shi a magana ba. A 1964 aka sa Saminu firamare a Shinkafi, kuma Tsoho ne ya riƙa kai masa tsaba a kan jaki har ya gama. Daga bisani ya koyi aikin kiwon lafiyar dabbobi, ya karɓi takardar shaida a 1978.

Aiki da iyali

A shekarar ce gwamnati ta ɗauke shi malamin dabbobi, ta tura shi Zurmi. Lokacin annobar shanu ta 1983 ya yi wata huɗu yana bin rugage a ƙasa da akwatin allura, har Fulani suka daina kiransa ɗan gwamnati. A 1984 ya auri Lubabatu, 'yar wani mutumin Zurmi mai suna Alamin, Tsoho ne ya tsaya masa wakili ya karɓo auren. An mayar da shi Kaura Namoda a 1997, yana kula da Banga da Ɗan Isa.

Ƙa'idar aikin gwamnati ta yarje wa ma'aikaci ya jefa ƙuri'arsa, amma ta haramta masa riƙe muƙamin jam'iyya, ko yi mata kamfe, ko tsaya mata a fili. Malam Saminu ya kiyaye wannan haddi shekara ashirin da tara. Ko hular jam'iyya aka ba shi kyauta, sai ya ce ta yi masa kaɗan.

Abin da ya auku a 2007

A lokacin Tsoho ne jagoran wata jam'iyya a unguwarsu, domin duk yankin babu mai tara jama'a kamarsa. Jam'iyya ta nemi ya kawo mai ilimi da zai zauna mata a rumfar zaɓe, ya ga ƙidaya, ya sa hannu. Bai ga wanda zai amince wa ba sai ɗan'uwansa. Ya ciro hoton Saminu daga jikin bango ya miƙa da sunansa, sannan ya aika direban motar kasuwa Kaura da saƙo: a ce wa Saminu ya zo Asabar da sassafe, shi ne wakili.

A gidan Gado, idan aka ce wakili ranar Asabar, ɗaurin aure ake nufi, ga shi kuma ana maganar auren ɗan Tsoho na fari. Malam Saminu ya yi mamakin aure ranar zaɓe, amma ya ce ƙila na gida ne. Ya iso tun Juma'a da yamma da babbar riga da ƙwaryar goro. Da gari ya waye Tsoho ya rataya masa katin jam'iyya a wuya, gaban dattawan unguwa.

An ruwaito Malam Saminu ya ce a hankali, "Yaya, wanga abu doka ta hana ni." Tsoho ya amsa da ƙarfi don kowa ya ji: "Can Kaura kake ma'aikaci. Nan ɗan Gado kake, kuma yau Asabar, ita kanta gwamnati tana hutu." Aka yi dariya. Malam Saminu ya dubi dattawan, ya ga cire katin nan tsinka yayansa ne a bainar jama'a. Ya zauna a rumfar har la'asar, ya sa hannu a takardar sakamako da irin sa hannun da yake yi a ofis. Goron kuwa a layin zaɓe aka cinye shi.

'Yan ɗaya jam'iyyar suka rubuta koke, suka haɗa da kwafin takardar. Da kwamitin bincike ya zauna, an ba shi shawara ya ce tilasta masa aka yi, ya ƙi, don kada sunan yayansa ya shiga takarda. Ya ce hannun nasa ne. Cikin watan Nuwamba aka sallame shi, saura shekara shida ya yi ritaya da mutuncinsa. Tsoho ya hau mota har Gusau sau uku, yana cewa ya san manya. Manyan suka ba shi kujera da ruwan sanyi, suka ce doka ce.

Shekarun ƙarshe

Malam Saminu bai koma Katuru da zama ba. Ya zauna Banga yana noman damina, makiyaya na kawo masa dabba yana dubawa. Bai taɓa ɗaga wa yayansa murya ba, kowace salla yana zuwa ya durƙusa ya gaishe shi. Sai dai ya aurar da 'ya'ya huɗu, kuma duk da al'ada ta ba yayan uba wannan girma, limamin Banga ya riƙa wakiltawa. Tsoho, wanda ya tsira daga yunwa da 'yan bindiga da gwamnatoci iri-iri, ya shekara goma sha shida yana shirin furta kalma ɗaya ta neman gafarar ƙanensa, kullum yana cewa sai salla mai zuwa.

Rasuwa

Allah Ya yi wa Malam Saminu rasuwa ranar Talata, cikin watan Yuli na 2023, bayan jinyar kwana tara, yana da shekara sittin da bakwai. An yi masa sutura a Banga bayan azahar. Da liman ya roƙi jama'a su yafe wa mamacin, Tsoho ya ce daga sahun gaba: "Ni ba ni da abin yahewa. Nawa ne ke wurinshi, kuma ya tahi da shi."

Ya bar matarsa Lubabatu da 'ya'ya biyar: Murtala, Hamida, Shamsuddeen, Mardiyya da Ammar, da jikoki goma sha ɗaya, da yayansa Tsoho. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya yafe.