Filogin Wendell Brubaker

A Dellbrook, ɗan garinmu na jihar Ohio, ba kalanda ke faɗin ƙarshen sanyi ba. Ranar da Wendell Brubaker ya ɗaga ƙofar gareji ya turo injin yanke ciyawarsa waje, ranar aka fita hunturu, ko da akwai sauran ƙanƙara a gindin katanga.

Shekara talatin da ɗaya Wendell ya yi yana raba wasiƙu gida-gida a ƙafa, a nan ya koyi sanin mutane. Ba fuska yake dubawa ba, ciyawar ƙofar gida yake dubawa. In ta yi tsawo, to maigidan ya fara shaye-shaye. In an aske ta ƙwal har ƙasa ta bayyana, maigidan malalaci ne, so yake ya huta mako biyu. Tasa kuwa inci uku ce cif, da rula yake aunawa. Dokar gari ta hana ciyawar kowa wuce inci takwas, kuma sau goma sha ɗaya ofishin gari yana samun waya daga "wani mai kishin unguwa" a kan gidan wani. Kowa ya san muryar Wendell ce.

Injin nan ya ga gata. Kafin ƙanƙara ta sauka Wendell zai tsiyaye fetur ɗin tanki tas. In ta narke, ya juye baƙin mai, ya kwance wuƙar injin ya wasa ta, ya rataye ta a ƙusa ya ga ko ta rinjaya gefe, sannan ya ɗaura sabon filogi. Kullum wa'azinsa ɗaya ga maƙwabcinsa Dewey Stoltz: duk namijin da ya bar fetur ya yi hunturu a tanki har ya toshe kafireta, bai cancanci a ba shi amanar kare ba. Dewey kuwa kowace shekara sai ya bari.

Duk sa'ad da zaɓe ya matso, kowa kan kafa allon ɗan takararsa mai ƙafafun waya a tsakiyar ciyawa. Wendell bai taɓa ba. Mutane suka ɗauka zurfin ciki ne da dattako, har kowace jam'iyya na ganin nasu ne a ɓoye. Alhali abin da ke ransa shi ne allo na huda rami biyu, inuwarsa kuma na sa ciyawa ta yi ja.

Ana nan sai matarsa Lorna, wadda ta yi ritaya daga kicin ɗin makaranta, ta ce za ta tsaya takarar kansila. Alkawarinta ɗaya ne: a jingine dokar inci takwas kowane watan Mayu, a bar ciyawa ta yi fure, ƙudan zuma su samu abinci.

"Ƙudan zuma," in ji Wendell. "Su za su jefa miki ƙuri'ar?"

"Taka dai ban sa rai ba."

"Ni na ce ba zan ba ki ba?"

"Ba ka ce komai ba, Wendell. Shekara arba'in ke nan ba ka ce komai ba."

Maganar ta soke shi, don gaskiya ce. Bai iya irin wannan bakin ba. Ya iya gyara mata mota, ya iya share mata ƙanƙara kafin ta fito, amma "ina bayanki" ba ta taɓa fita daga maƙogwaronsa ba. Abin ya ƙara muni da abokin takararta, wani mai shagon kayan gini, ya miƙe a taron gari ya ce kafin a saurari Lorna a je a leƙa ƙofar gidanta tukuna, in ta shawo kan mijinta shi ma zai bi ta. Aka kwashe da dariya. Lorna ma ta yi, amma Wendell ya ga wuyanta ya yi ja.

Asabar ɗin tsakiyar Afrilu ya turo injin waje. Ya juye mai, ya wasa wuƙa, komai yadda ya saba. Da ya zo kan filogi sai ya tsaya. Ya laluba gwangwanin tarkace ya zaro wani mataccen filogi, ya ɗaura shi, sabon kuma ya jefa a aljihun tsohuwar rigarsa ta gidan waya. Sannan ya ja igiyar tada injin sau ashirin a gaban duk unguwa, injin ya ƙi tashi.

Dewey ya tsallako titi, baki har kunne.

"Kai, malam mai wa'azin fetur! Me nake ji? Ko dai me ne ne ba na ji?"

"Kafireta ce."

"Kafireta! Ka bar mai a ciki ke nan. Faɗi gaskiya, mutumina, mu biyu ne kawai."

"Na yi odar kaya daga Michigan."

"To ga injina, ɗauka ka rage."

"Naka? Wannan da ke tsinke ciyawa kamar akuya? Gara ta kai mini wuya."

Kafin rana ta faɗi labari ya gama gari: Brubaker ya bar fetur a tanki. Sunan da ya yi shekara talatin yana ginawa ya tafi a yini guda, kuma da hannunsa.

Ciyawa ba ta san kunya ba. Inci biyar, inci bakwai. 'Yan furanni rawaya da ya yi rayuwarsa yana tumɓukewa da cokali suka fito suka baje. Wendell ya koma shan kofi da baya ga taga. Masu mota suka riƙa rage gudu a ƙofar gidan, wasu har da ɗaukar hoto. Da ta kai inci tara, aka manna masa takardar gargaɗi a ƙofa, wai wani mai kishin unguwa ya buga waya. Ya karanta ta a tsaye. Ya san kalmomin da ka, bai dai taɓa ganinsu da sunansa a sama ba.

 Sau ɗaya kawai Lorna ta tambaya ko kaya sun iso, ya ce Michigan da nisa.

Aka yi zaɓe ranar Talatar farko ta Mayu, ta faɗi da ƙuri'a talatin da takwas. Ashe mutanen Dellbrook kallon ciyawar Wendell suke so, ba irinta a ƙofar gidajensu ba.

Washegari da safe ta ajiye masa faranti: ƙwai biyu, burodi, da sabon filogi a gefen cokali.

"Kayanka na Michigan," in ji ta. "Mako uku suna aljihun rigarka. Ni ke wanki a gidan nan, ko ka manta?"

Wendell ya zuba wa filogin ido.

"Me ya hana ki magana?"

"Kai ne ke magana. Karo na farko ke nan, na ce bari in ji ƙarshenta." Ta juya wajen murhu. "An gama. Je ka aske ciyawarka kafin su dawo su ci ka tara."

Ya miƙe ya fita gareji. Ta kasa kunne tana jiran ƙarar inji, shiru. Da ta leƙa ta taga sai ta gan shi tsakiyar ciyawa, ta kai masa ƙauri, riƙe da ɗaya daga allunanta da suka rage. Ya dafa shi da ƙarfi har ƙafafun wayar suka nutse.

"Wendell!" Dewey ya ƙwala daga tsallake. "An yi zaɓen jiya, tsoho! Ta faɗi!"

"Na sani," in ji Wendell. "Watan Mayu ta ce. Yau bakwai ga wata."

Ya ja baya ya duba allon, ya ga ya ɗan karkata hagu, ya dawo ya daidaita shi.