Asurans ɗin Baba Mai Ciwon Suga

Ni ce 'yar fari a gidanmu, don haka har na kai shekara talatin da huɗu ban taɓa jin sunana a bakin mahaifina ba. Haka ake yi a wurinmu, Karofane da kewayenta. Ana jin kunyar ɗan fari, ba a kama sunansa, ba a yi masa wasa a gaban jama'a. In Baba yana son ruwa sai ya ce "ke", in kuma yana maganata da wani sai ya ce "waccan". Ban taɓa jin haushi ba, don ni ma har yau ba na faɗin sunan babban ɗana.

Mijina ya tafi bidar kuɗi Libiya, labarin rasuwarsa kawai ya dawo. Na koma gidan Baba da yara biyu da keken ɗinki, aka ba ni ɗakin baya. Ƙanena mai bi mini bai taɓa ce mini in fita ba, ya fi ƙarfin wannan wauta. Shi dai yakan tsaya tsakar gida yana auna bango da ido, yana cewa ai gida irin wannan in an sayar a yau da daraja. Kowa ya san ranar da Baba ya rufe ido za a sayar da gida da garkar albasa a raba, kuma rabona ba zai sama mini ko ƙofar ɗaki ba. Ga Baba da ciwon suga, yatsun ƙafarsa sun fara mutuwa, ido ɗaya ya fara hazo.

Shekara da shekaru Baba yana bin kamyon, babbar motar albasa, zuwa Abijan, a can ya ga wani abokin fataucinsa ya rasu, wani kamfani ya kira matarsa ya ba ta abin da ta gina gida. Abin ya zauna masa a rai. Wata rana da hantsi ina ɗinki ya tsaya bakin ƙofata, ya juya mini baya yana duban katanga.

"Ke, kin yi lakwal, kin iya karatu. Akwai wani abu da aka ce ma asurans ta rai. Mutum shi riƙa zubawa, in ya mutu a ba wanda yac ce. Ina son in yi shi don waccan ta ɗakin baya ta samu inda za ta aza kai, ita da ɗiyanta."

Ni ce waccan ta ɗakin baya, kuma da ni yake magana.

Mun fara da Madawa. Mai biron, wato ofishin, da muka shiga asurans ɗin motoci ya saba sayarwa, kuma da irin idon da yake duban tsohuwar mota ya dubi Baba. Ya ɗaura karabat a wuya a zafin da ko akuya ta nemi inuwa. Ya tambayi Baba ko yana da wani ciwo, Baba ya ce lahiya lau, alhamdu lillahi, don dattijo ba ya shimfiɗa ciwonsa gaban baƙo. Ni na ciro karnen likita, ɗan littafin da ake rubuta ciwonsa, na ajiye a tebur. Mutumin ya buɗe shafi ɗaya, ya rufe, ya tura mini da ɗan yatsa kamar abin zai shafe shi. Ya ce da Faransanci su ba sa ɗaukar irin wannan kasada. Wato masu sayar da maganin mutuwa ne, amma waɗanda ba su da alamar mutuwa kawai suke so.

Na biyu shi ya same mu da kansa ranar kasuwar Buza, a kan moto mai ƙafa biyu, da jaka cike da takardu masu hoton Turawa suna dariya. Wannan ya fi na farko haɗari, don yana da fara'a. Da ya ga karnen sai ya rage murya.

"Madam, wa ya aike ki da wanga? Maida shi jikka. A rubuta babu ciwo, tsoho shi dangwala, shi ke nan. Wa za ya sani?"

Na ce ya ba ni takardar in karanta. A can ƙasa, da rubutun da sai an kai shi bakin hanci, an ce duk wanda ya ɓoye ciwo, ranar biya ba a ba magadansa komai. Na nuna masa layin. Ya ce ai wannan rubutu ne kawai. Shi ladan kawo mutum yake nema, ranar da za a wulaƙanta ni a Yamai yana can wata kasuwa yana yi wa wani tsoho fara'a. Na miƙa masa takardarsa, ko sallama ban yi masa ba.

A Tawa muka samu kamfanin da ya yarda da masu suga. Ba don tausayi ba, kada wani ya yi musu wannan zato. Sai an yi analiz, wato gwajin jini da fitsari, an auna tansiyo don hawan jini, zubin ya fi na mai lafiya nauyi sosai, kuma in ciwon ya kashe mutum a shekara biyun farko abin da ya zuba kawai za a mayar. Baba ya saurara har ƙarshe ya ce ya yarda, zai yi ƙoƙari ya kai shekara biyun. Ya faɗe shi kamar mai alkawarin kai buhuna tasha.

Sai kuma maganar shekaru. Su ba sa ɗaukar wanda ya cika sittin. Baba ba shi da takardar haihuwa sai zuzuma, wadda alƙali ya yi masa da ƙiyasi, kuma a takarda duk tsaransa na garinmu ranar ɗaya ga Janairu aka haife su. Muna cikin Disamba a lokacin, sati uku ya rage masa ya tsufa.

Analiz ya fito, dosiye, kundin takardun Baba, ya cika, muka koma don sa hannu. Wanda ke riƙe da dosiyen wani saurayi ne mai ƙamshin turare, yana zaune cikin sanyin kilim, na'urar sanyaya ɗaki, yana juyi a kujera. Daga jin bakinsa ɗan Adar ne irinmu, ko gardama babu, amma in ya buɗe baki sai ya fara da Faransanci ya jira in fassara, sai in ya ƙosa Hausarsa ta kuɓuce. Ya ce tunda tsoho bai iya karatu ba, dangwale kaɗai bai isa ba. Doka ce daga Yamai, sai an ɗauke shi a waya yana faɗa da bakinsa wanda yake so a ba kuɗin, suna da sunan uba.

Ya saita wayar. Baba ya nuna ni da haɓa.

"Ita wagga."

"Suna, tsoho. Sunanta za ka hwaɗi."

Na ciro katina na ɗan ƙasa na ajiye. Saurayin ya ce ya gani, amma wanda za a ba kuɗi ba shi da bakin magana a nan. Na ce masa da Hausa, a hankali, ni ɗiyar fari ce. Na tabbata ya gane. Na tabbata in shi ɗan fari ne, uwarsa har gobe da "kai" take kiransa. Amma ya ɗage kafaɗa ya ce ordinatar, wato kwamfuta, ba ta san wannan ba. Yaron da aka goya da zanen da aka saya da kuɗin albasa, ya zauna yana koya wa sa'an kakansa cewa kunya ba ta cikin dosiye.

Baba ya dubi wayar, ya dubi ƙasa. Ya gyara hularsa, ya ɗauki sandarsa, ya fita. Na bi shi muka dawo gida.

Ƙanena ya ji labari, ya zama malami a rana ɗaya. Mutumin da sai an tashe shi sallar asuba da faɗa ya zo yana bayani cewa asurans caca ce, Allah ne ya tsare Baba. Ni ban san hukuncin ba, kuma ban ce na sani ba, amma na san abin da ya sa shi wa'azi, bangon gidan ne.

Raina ya ɓaci da kowa, har da Baba. Na ji ciwon cewa mutum ya yarda a tsotse masa jini a kwalba, ya yarda ya sha wahalar hanyar Tawa sau uku da ƙafa mai ciwo, amma kalma ɗaya ta gagare shi. Daga baya kunya ta kama ni, don na gwada a zuciyata in kira ɗana da sunansa gaban baƙo, na ji harshena ya yi nauyi. Na je na tsaya bayan Baba yana alwala na ce a bar maganar, Allah ba zai hana mu wurin kwana ba. Bai juyo ba.

Saura kwana uku shekara ta ƙare, bayan sallar asuba, na ji sandarsa a bakin ƙofata. Ya sa rigar da yake zuwa Idi da ita.

"Ke, tashi. Mota tana lodi."

Saurayin yana nan yadda muka bar shi, da turarensa. Ya ce ashe tsoho ya yi tunani. Ya saita wayar, ya ce a duba nan. Baba bai dubi wayar ba, bai dube ni ba, ya kafa ido a kalandar da ke bango. Sannan ya faɗi sunana, ya haɗa da nasa, da wata murya ƙasa-ƙasa da ban san shi da ita ba.

"Ba a ji ba," in ji saurayin, yana duban wayarsa. "Ƙara hwaɗi da ƙarhi."

Da a ce akwai abu a hannuna da na jefe shi. Baba ya ja numfashi ya sake faɗa, wannan karon da ƙarfi, yadda ake kiran yaro daga bakin garka. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba.

"Na'am, Baba."

"Madam, ba ke anka tambaya ba," in ji saurayin. Ya ce na ɓata ɗaukar, sai an sake. Haka Baba ya faɗi sunana karo na uku, ni kuwa na toshe bakina da gyale ina hawaye.

A mota ya koma "ke", kuma a kan "ke" ya zauna har ƙarshe. Ya cika alkawarinsa, ya kai shekara biyun har da ƙarin wata bakwai kafin ya rasu. Kamfanin ya biya bayan ya sa na yi ta safa da marwa da takardu, ba zan gode musu ba, hakkina ne. An sayar da gidan kamar yadda aka tsara, ni kuma na gina ɗaki biyu a gefen gari.

Da na je karɓar takardar ƙarshe na roƙi saurayin ya tura mini ɗaukar nan a wayata. Ya ce ai suna sharewa in an rufe dosiye.