Gaisuwar Mama Kuve

Duk yawan shekarun da na yi a sashen gashin ƙashi, ranar da ta ƙi fita daga raina ita ce ranar da na iske Mama Kuve a ƙasa. Ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan, ku saurara, don takardar da muke raba wa majinyata ba ta faɗi komai da komai ba.

Lokacin ina babbar jami'a mai zagayen gidaje. Mama Kuve manomiya ce a Digil, ta haura sittin, mijinta ya rasu. An yi mata aikin sauya mahaɗar ƙugu a wani babban asibiti nesa da nan, aka sa mata ta ƙarfe, aka turo mana ita. Ƙa'idar makonni shida na farko a bayyane take: ba tsugunno, ba zama a ƙasa ko kan 'yar kujera, ba harɗe ƙafa. In an lanƙwasa ƙugun da yawa, sabuwar mahaɗar na iya gocewa, sai an sake komawa ɗakin tiyata. Na karanta wa 'yarta Rahila wannan duka, muka ɗaga gado da bulo, muka samo doguwar kujera mai hannu.

Farkon damina ne. Nakan je da azahar, lokacin da gari ya yi tsit kowa yana gona. Hadari yakan sauko ya zauna kan duwatsu, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya cika ɗakin. Maganin ciwo yana sa ta gyangyaɗi, sai ta riƙa magana ido a lumshe.

"'Yata, yanzu na dawo daga gona," in ji ta. "Ƙafan bai taɓa ƙasa ba. Haka na wuce kan gyaɗa, na wuce mayo, rafin nan namu, ruwa bai jiƙa ni ba."

"To Mama, tunda kin iya tashi sama, taku goma zuwa ƙofa ba zai gagare ki ba. Bismillah!"

Sai ta yi dariya ta kama ƙarfen tafiya. Muna ƙirga taku a hankali, ƙwas, ƙwas, kaji na kallonmu. Wallahi wani lokaci ni ma nakan manta a bakin aiki nake. Na so matar nan ƙwarai.

A mako na uku na shiga gidan, sai na ga takalmin namiji a bakin ƙofa. Wani tsoho na zaune kan tabarma, Mama kuma tana gabansa a ƙasa, gwiwa ɗaya a durƙushe, hannu a jikin bango, gumi na zuba. Ban san lokacin da na yar da jakata ba.

"Mama! Me ya kai ki?"

Ni da Rahila muka ɗaga ta a hankali. Na duba tsawon ƙafafun, na duba juyawarsu. Allah ya kiyaye, mahaɗar tana wurinta. Tsohon ya tashi ya fita.

Sai a lokacin Rahila ta gaya mini. Baba Tizhe ne, wan mijin Mama, shi ya riƙe marigayin tun yana ƙarami, shi ya biya sadakin Mama. Tun da aka kawo ta gidan ba ta taɓa gaishe shi kanta yana sama da nasa ba. Kuma wannan ne zuwansa na uku. Ashe duk zuwa sai ta sauko.

Na yi faɗa, ba zan ɓoye ba. Mama ta bari na gama, sannan ta ce, "Shi a tabarma, ni a sama kamar hakimi? Gara ƙafan ya karye. Ki ce kar ya ƙara zuwa, shi ma ba zan iya ba."

Da na kai rahoto, shugaban sashenmu ya ce, "Rubuta cewa ta ƙi bin umarni, ki sa hannu." Na ce, "Ranka ya daɗe, umarnin ne bai san da Baba Tizhe ba. A ba ni kwana ɗaya."

Na sami Baba Tizhe a gindin mangwaro a ƙofar gidansa. Na durƙusa na gaishe shi, na dunƙule hannu ɗaya cikin tafin ɗayan, na nuna masa yadda ƙashin ke zamewa. Na roƙe shi ya riƙa zama kan doguwar kujera in ya je. Ya ce shi ba ya zama kan kujera a ɗakin matar ƙaninsa. Daga nan ya ci gaba da kallon duwatsu. Na dawo jiki a sanyaye.

Ranar zuwana ta gaba ana yayyafi. Mama na kan kujerarta tana rabin barci, sai ga shi da sandarsa. Rahila ta shimfiɗa tabarma, ya ɗaga mata hannu. Mama ta fara zamowa, ya ce, "Kuve, zauna. Ni zan tsaya."

Ya tsaya. Mutumin da ya haura tamanin, ya jingina da sanda a bakin ƙofa, ruwa na ɗiga a kafaɗarsa. Ta sunkuyar da kai, ta haɗa hannu ta gaishe shi, kanta na ƙasa da nasa kamar kullum. Suka yi hirar iri da ruwan bana kusan rabin awa, ƙafafunsa na karkarwa, bai zauna ba. Na juya baya kamar ina neman wani abu a jaka, don hawaye ne suka zo mini. Haka ya riƙa yi har makonni shida suka cika, kuma Mama ta warke sarai.

Abin da na koya shi ne, mutanenmu ba taurin kai ke saukar da su ƙasa ba, girmamawa ce, kuma wanda ake durƙusa wa ne kaɗai zai iya ɗage ta. Shi ya sa kafin in tambayi majinyaci ina ke masa ciwo, nake fara tambayarsa, "Wa kake durƙusa wa?" Sannan in je in sami wannan mutumin.